Vivien Leigh: 'Yar Wasan Dandamalin Ingila da Fina-finan Amurka Biyu Suka Ɗaukaka

Vivien Leigh, wadda ta rayu daga 1913 zuwa 1967, 'yar wasan kwaikwayo ce 'yar Birtaniya da ta ci lambar yabo ta Oscar har sau biyu. Duka biyun kuwa ta same su ne saboda fitowa a matsayin mace 'yar kudancin Amurka: Scarlett O'Hara a fim ɗin Gone with the Wind na 1939, da Blanche DuBois a A Streetcar Named Desire na 1951. Duk da wannan ɗaukaka, fina-finanta ba su wuce 20 ba cikin shekara 30. Mafi yawan aikinta a kan dandamali ta yi shi, a gaban 'yan kallo ido da ido, kuma da shi ta fi so a auna ta.

An haife ta ranar 5 ga Nuwamba, 1913, a garin Darjeeling na Indiya, zamanin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Asalin sunanta Vivian Mary Hartley. Tana da shekara 6 iyayenta suka kai ta makarantar kwana ta 'yan Katolika da ke Roehampton, kusa da Landan. A 1932 ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA, amma a ƙarshen shekarar ta auri wani lauya, Herbert Leigh Holman, ta haifi 'yarta ɗaya tilo, Suzanne, a 1933. Daga sunan wannan miji ta ɗauko Leigh ɗin da duniya ta san ta da shi.

Tauraruwarta ta fara haskawa a 1935 da wasan The Mask of Virtue a Landan, abin da ya sa furodusa Alexander Korda ya ɗauke ta kwantiragi. A fim ɗinsa Fire Over England na 1937 ta fito tare da Laurence Olivier, suka faɗa soyayya alhali kowannensu na da aure. Sai a watan Agustan 1940, bayan an raba aurarrakinsu na farko, suka auri juna a Kalifoniya.

Kafin nan ta riga ta zama Scarlett. Furodusa David O. Selznick ya daɗe yana laluben wadda za ta hau wannan matsayi, manyan jaruman Hollywood sun gwada, sai ga shi a Disamban 1938 an gabatar masa da wata Baturiyar Ingila da 'yan kallon Amurka ba su sani ba. Fim ɗin ya yi kasuwar da ba a taɓa ganin irinta ba. A bikin da aka ba ta Oscar ne kuma abokiyar aikinta Hattie McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta ci wannan lamba. A yau ana sukar fim ɗin saboda yadda ya ƙawata zamanin bauta, kuma sukar na da hujja.

Wata jarumar da ta samu irin wannan dama da ta tare a Hollywood. Ita kuwa, bayan Waterloo Bridge da That Hamilton Woman, sai ta koma Ingila tare da mijinta ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta ci gaba da wasan dandamali. A 1948 suka zagaya Ostareliya da New Zealand da ƙungiyar Old Vic. Daga 1949 ta fito a matsayin Blanche a Landan fiye da sau 300, kafin Elia Kazan ya ɗauke ta ta maimaita matsayin a fim tare da Marlon Brando.

A kan dandamalin da take ƙauna ne ta fi shan suka. Muryarta ba ta da ƙarfin ta mijinta, kyawunta kuma ya sa wasu masu sharhi suka ƙi yarda cewa akwai gwaninta a bayansa. Kenneth Tynan ya fi kowa tsananta mata, musamman a 1955 da ta fito a wasannin Shakespeare uku a Stratford, ciki har da Macbeth. Hukuncin ya yi tsauri, domin da yawa daga abokan sana'arta sun yaba wa yadda ta fito da matar Macbeth.

Abin da 'yan kallo ba su gani ba shi ne rashin lafiyar da take ɗauke da ita. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka gano tana da tarin fuka. Ga kuma lalurar ƙwaƙwalwa mai jefa mutum tsakanin zumuɗi marar iyaka da matsanancin baƙin ciki, a zamanin da ake ɓoye irin wannan ciwo, maganinsa kuma sau da yawa shi ne girgiza ƙwaƙwalwa da lantarki. A 1953 ciwon ya tashi tana tsakiyar ɗaukar fim ɗin Elephant Walk a Ceylon, wato Siri Lanka ta yanzu, har aka maye gurbinta da Elizabeth Taylor. Aurenta da Olivier ya mutu a 1960.

Ba ta daina aiki ba. A 1963 ta ci lambar Tony a New York saboda wasan waƙe-waƙe na Tovarich, a 1965 kuma ta yi fim ɗinta na ƙarshe, Ship of Fools. Tana shirin fitowa a wani wasa na Edward Albee tarin fukar ya dawo, ta rasu a gidanta da ke Landan a daren 7 ga Yuli, 1967, tana da shekara 53. Gidajen wasan kwaikwayo na Landan sun kashe fitilunsu na waje na tsawon awa ɗaya don girmama ta. A 2013 gidan tarihi na Victoria and Albert ya mallaki wasiƙunta da littattafan da take rubuta al'amuran yau da kullum a ciki.