Rediyon dijital: me yake kamawa a nan, kuma wane akwati ya dace a saya?

Kalmar dijital ta cika kasuwa. Mai shago zai ɗauko maka rediyo mai ɗan allo da lambobi ke haskawa, ya ce wannan dijital ne, ya ɗora kuɗi. Ɗan'uwa da ke Faransa ko Jamus kuma zai aiko wa tsohonsa akwati mai tsada, an rubuta DAB+ a jikinsa, a latsa a ƙauye a ji shiru. Abubuwa biyu ne daban, kuma babu ɗayansu da ke jawo tashar nesa.

Mai allon lambobi, FM da AM ɗin da muka sani yake kamawa. Amfaninsa kawai, yana nuna lambar tasha daidai, ba sai an yi ta murɗa allura ba. DAB kuwa wata hanya ce ta watsa shiri: ana mayar da murya lambobi irin na kwamfuta, a tara tashoshi fiye da goma a kan mita ɗaya, tsakanin megahaz 174 da 240, wato sama da zangon FM da ke daga 87.5 zuwa 108. Turai ta yi nisa a wannan fanni, har Norway ta kashe FM na manyan tashoshinta a 2017. Ghana ma ta fara gwaji a Akara da Kumasi a 2023. Amma sai inda aka kafa eriyarsa yake aiki, kuma daga Yamai zuwa Damagaram, haka ƙetaren iyaka a Sakkwato da Katsina, babu tashar da ke watsa DAB. Ko da an kafa, akwai abin da ya kamata mutumin ƙauye ya sani: FM in ya yi nisa yana shuu amma ana fahimtar magana, dijital kuwa ko dai ya fito tas ko ya yanke ɗungurungum. Akwai wani nau'in, DRM, da ke bin gajere da matsakaicin zango, yana iya ratsa ƙasashe, Indiya ta fi kowa amfani da shi, sai dai akwatunansa ba su shigo kasuwanninmu ba.

To me ke ƙetare iyaka? Muryar rediyo ba ta tsayawa a bariyar duwan. FM miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, tsawon eriya da ƙarfin na'ura ne ke yanke nisansa. Shi ya sa mutanen Ƙonni, Ɗan Isa da Magarya ke kama tashoshin Najeriya, na Illela da Jibiya su ma suna kama namu. Matsalar bakin iyaka ita ce cunkoso: in tashoshi biyu suka yi kusa a lamba, mai ƙarfi sai ta haɗiye ƙarama, kuma tashar karkara ce ƙarama a kullum. Ƙasashe na raba mitocin FM bisa tsarin da aka shimfiɗa a Janeba a 1984, amma a cikin ɗaki akwatinka ne zai raba gardama.

Matsakaicin zango, wanda ake rubutawa AM ko MW, da dare yake nisa. Manyanmu sun san yadda Rediyon Kaduna ke shigowa bayan magariba. Gajeren zango, SW, shi ne ke dawowa daga sama ya faɗo ƙasa mai nisan dubban kilomita. Ta nan Hausar BBC ta iso mana tun 1957, ta Muryar Jamus tun 1963. Da rana a nema a mita 19 da 16, da dare a sauko mita 31, 41 da 49. Manyan tashoshi suna rage awoyinsu a wannan zango, amma ranar da rezo ya yanke, ko tashar FM ta kusa ta rasa kuran, shi ne ke saura.

Ga ƴan'uwa da ke Abijan, Agadas ko Turai, dijital ɗin da ke kai musu muryar gida shi ne intanet. A sani dai yana cin mega: shiri mai matsakaicin inganci na cinye kusan mega 30 a awa guda. FM da ke cikin salula kuwa ba ya cin ko dala, wayar abin kunne ce eriyarsa.

Yanzu batun saye. Mu dai shawararmu, a nemi mai FM, AM da SW gaba ɗaya. Kada a gwada shi da tashar da ke cikin gari, wannan ko rediyon wasan yara zai kama ta. A nemi tasha mai rauni, wadda ka san tana wahalar kamuwa a gida, a ji ko za ta fito ba tare da maƙwabciyarta ta shigo ba. A fita da shi ƙofar shago in mai kaya ya yarda, don caja da fitilun zamani na sa ƙara, musamman a AM da SW. A murɗa maɓallin murya a hankali. In yana ƙarƙar tun yana sabo, ƙurar hunturu ɗaya za ta ƙarasa shi.

Sai a juya bayansa a duba batir, don nan ne yawancin rediyo ke mutuwa. Wanda batirinsa ke liƙe a ciki, ranar da ya daina riƙe caji akwatin ya zama kayan ado. Gara mai batir da ake cirewa, irin na ƙananan salula ko dogon nan mai lamba 18650, da ake samu a kasuwa, ya fi kyau ma in yana karɓar pil na yau da kullum. Ɗan fanon rana da ke manne a saman wasu, ƙarami ne ƙwarai, taimako yake yi, ba ya cika batir da wuri, kuma barin akwatin a ranar bazara yini guda na lalata batirin. Wurin sa memori da Bluetooth daɗi ne ga mai son wa'azi ko waƙa, amma ba su ƙara ƙarfin kamawa ko kaɗan.

In an kai gida: ga FM da SW a ja sandar eriya duka, a matsa kusa da taga, don rufin kwano na tare murya. Ga AM eriyar na ciki, akwatin kansa ake juyawa har murya ta fito. Mai ƙara doguwar waya a kan eriya ya tuna ya cire ta in hadari ya taso.

Masu aiko da rediyo daga waje kuma, ku tabbata akwai FM, in so samu ne har da SW. Wanda aka yi don Amurka yakan zo da wutar 110 ko 120 alhali tamu 220 ce, kuma AM ɗinsa na tsallakawa goma-goma, namu tara-tara, sai ya riƙa kuskure tashoshi in ba shi da maɓallin sauyawa. Tsofaffin na Japan kuwa FM ɗinsu a 90 yake tsayawa, duk tashar da ke sama da nan ba za a ji ta ba.