Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Kalmar Kano a Bakin Duniya

A shekarar 1492 Sarki Muhammadu Rumfa ne ke kan karagar mulkin Kano. Shi ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da har gobe ake kira da sunansa, kuma a wajajen wannan lokaci ne Shehu Magili ya sauka a birnin. A watan Oktoba na shekarar, can ƙetaren Tekun Atalantika, Kiristofa Kolumbas ya isa tsibiran Karibiyan, ya tarar da mutanen Taino suna yawo a kan ruwa cikin kwalekwalen da suke sassaƙawa daga gungumen itace guda, ya rubuta sunan da suke kiransa: canoa. A daidai wannan zamani kuma, a birnin Kiyoto na Japan, wani mai zane da ake kira Kano Masanobu yana yi wa masu mulkin ƙasar aiki. Babu ɗayansu da ya san da zaman ɗan'uwansa, amma yau in muka rubuta haruffa huɗun nan a waya muka ce a nemo mana, dukkansu za su fito a jere kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Mu fara da tamu ta gida. Labarin da muka gada ya ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin dutsen Dala, ya zauna, garin ya ci sunansa. Abagayawa su ne ake dangantawa da shi. Masu tonon ƙasa sun gano alamun narkar da ƙarfe a Dala da suka kai ƙarni na 7, wato ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafin sarautarsa daga 999. Ko ba komai, ƙasa ta ba da shaidar cewa maƙera sun daɗe a wurin.

Kalmar Taino kuwa doguwar tafiya ta yi. Kafin ƙarni na 15 ya ƙare ta shiga ƙamusun Sifaniyanci na Antonio de Nebrija, kuma ita ce kalmar farko daga nahiyar Amurka da ta samu wannan gurbi. Daga nan Faransawa da Ingilishi suka ɗauka, kowa ya lanƙwasa ta yadda bakinsa ya iya. A bakin mutanen Holan ta zama kano, haka a Denmak da Norwe da Turkiyya, kuma mulkin mallakar Holan ya kai ta Indunusiya. Masu kalmar na asali ba su ci moriyar wannan shahara ba: cikin shekaru ƙalilan cututtuka da aikin tilas da yaƙi suka cinye mafi yawansu. Kwalekwalensu ya tsallake, harshensu ya nutse.

A Japan ma Kano ba ɗaya ba ce. Gidan Masanobu ya zama makarantar zane da ta yi kusan shekara 400 tana yi wa fada aiki, uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika, kamar yadda gidajen marina da dukawa suke a wajenmu. Akwai kuma Jigoro Kano, wanda aka haifa a 1860, ya ƙirƙiro kokawar judo, ya buɗe makarantar Kodokan a Tokiyo a 1882, ya zama ɗan Asiya na farko a kwamitin wasannin Olamfik na duniya a 1909. A rubutun boko sunan mutanen biyu iri ɗaya ne, amma a rubutun Japan alamominsu daban-daban ne. Ga wata kalmar ta uku mai wannan lafazi, ita ma da nata alamomin, wadda ke nufin abin da zai yiwu. Akwai ma kogi mai suna Kano a yankin Izu.

Mafi ƙuruciya a cikinsu ita ce ta Filifin. Bayan Sifaniya ta yi sama da shekara 300 tana mulkin tsibiran, sai ta sha kaye a hannun Amurka a 1898, ta miƙa su aka biya ta dala miliyan 20. Mutanen ƙasar suka ci gaba da yaƙi da sabon ubangidan, ba su samu 'yanci ba sai 1946. A cikin wannan zama ne suka gutsure Amerikano ta koma Kano, macen kuma Kana. Mu ma mun san irin wannan gutsire: ta haka Usmanu ya zama Manu, Mahmudu ya zama Mudi. Saboda haka a titin Manila, in aka ce ga Kano nan tafe, Ba'amurke ake nufi.

Me ya kawo wannan haɗuwa? Lissafi ne kawai. Harsunan duniya sun kai kimanin 7,000, kowane da dubban kalmomi, alhali sautukan da bakin ɗan Adam ke furtawa ba su da yawa. Baƙaƙen k da n da wasalin a suna cikin kusan kowane harshe, gaɓa mai baƙi da wasali kuma ita ce mafi sauƙin faɗa. In da ba a samu irin wannan karo ba, shi ne zai zama abin mamaki. Ko a cikin Hausa, gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, tsawon wasali da karin sauti ne ke raba su, Baswahile kuwa in ya ce gari mota yake nufi. A harshen Mbabaram na Ostareliya, sunan kare ya zo daidai da na Ingilishi, kuma masana sun bi diddigi sun tabbatar ba aro ba ne.

Wannan magana ta wuce nishaɗi, domin da irin wannan kamanni ake gina mana tarihin ƙarya. Mun sha jin cewa Hausa daga "hau sa" ta samo asali, ko kuma daga Habasha, don kawai sautin ya yi kusa. Turawan mulkin mallaka ma sun yi wannan aiki. H. R. Palmer, wanda ya fassara Tarihin Kano zuwa Ingilishi a 1908, daga baya ya zama Laftanan Gwamnan Arewa, ya cika rubuce-rubucensa da haɗa sunayen garuruwa da ƙabilunmu da na Gabas bisa kamannin lafazi. Ra'ayin da ke tashe a zamaninsa shi ne duk wani abin kirki a ƙasar baƙar fata baƙo ne ya kawo shi. Duk lokacin da muka tura wa jama'a saƙon da ke cewa asalinmu daga wata ƙasa yake saboda kalma biyu sun yi kama, wannan tsohon ra'ayi muke yi wa dako ba mu sani ba.

Dangantaka ta gaskiya tana da hanyar gane ta, kuma sau da yawa ba ta bayyana a fuska. Alƙali na Hausa da alcalde na Sifaniyanci, wato shugaban gari, duk daga al-ƙadi na Larabci aka aro su, har da "al" ɗin da ke gaba. Wannan aro ke nan. Gado kuwa ya fi zurfi. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939 yana bincike, ya sanya Hausa da sauran harsunan Cadi cikin babban gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye da na tsohuwar Masar. Hujjarsa tsari ne mai maimaita kansa. Muna cewa ya zo, ta zo, Balarabe ma da ya da ta yake raba namiji da mace a aikatau. Mutu tamu da mautu ta Larabci jini ɗaya ne. Harshe, wanda Sakkwatawa ke cewa halshe, ɗan'uwan lisan ne na Larabci da iles na Buzaye, ko da yake mai kallo daga nesa ba zai ce sun haɗa kaka ba.

Don haka in kalma biyu suka yi kama, tambaya uku ce a gabanmu: gadonta aka yi, aronta aka yi, ko dacewa ce kawai? Mai cewa aro ne sai ya nuna mana hanyar da ta biyo, wane fatake, wane malami, wane jirgi, a wane ƙarni. Mai cewa gado ne sai ya kawo kalmomi da yawa masu sauyawa bisa ƙa'ida ɗaya. Wanda ba shi da ko ɗaya, sai mu tuna masa da abin da magabata suka ce, kama da wane ba wane ba ne. Birnin Dala bai rage komai ba don masunta a Holan suna shiga kano, haka judo ba ta zama tamu ba don mai ita ya yi takwara da garinmu.