Yadda Lambu Ya Shiga Ajin Ƙananan Yara

Al'adar ba wa yaro ɗan shekara huɗu iri ya shuka, ko yumɓu ya mulmula, a kuma lissafa hakan cikin karatu, ta samo tushe ne daga Bad Blankenburg, wani ƙaramin gari a yankin Thuringia na ƙasar Jamus. A can Friedrich Fröbel ya buɗe wa yara wurin wasa da aikin hannu, wanda ya raɗa wa suna Kindergarten, wato lambun yara, a 1840.

An haifi Fröbel a 1782, mahaifiyarsa ta rasu yana jariri. Ya koyi aikin gandun daji, ya zauna wajen wani malami mai suna Pestalozzi a Suwizalan, daga baya ya yi aikin tantance duwatsu a ɗakin adana ma'adinai na Berlin. Dajin da duwatsun duk sun biyo shi makaranta.

Lambun ne ƙashin bayan tsarin. Kowane yaro yana da ɗan fegi nasa a tsakiya, a kewaye kuma akwai fili na kowa da kowa inda ake shuka hatsi da kayan miya da furanni. Idan sanyin hunturu ya janye, wajen watan Afrilu, itatuwa suka fara toho, sai yara su fita da ƙananan kayan noma. Abin da yaro ya ga dama ya shuka a feginsa. In ya yi ban ruwa ya cire ciyawa, ya ga tsiro. In ya yi sakaci, shukar ce za ta faɗa masa, ba bulala ba. A zamanin da hadda da tsawa suka yi kaka-gida a makarantu, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne.

A cikin ɗaki akwai kayan wasa da ya jera mataki-mataki: ƙwallayen ulu masu launi, sai dunƙulen katako mai siffar ƙwallo da mai siffar ganga da mai kusurwa, sai tubalan da ake wargazawa a sake haɗawa. Ana naɗe takarda, ana saƙa da yankakkun takardu, ana huda kwali da allura a fitar da zane. Har wani nau'in wake ake jiƙawa ya yi laushi, a soka tsinkaye a ciki a tayar da siffofi irin na duwatsun da ya yi nazari. Wajensa, zane da binciken halitta tafiyarsu ɗaya.

A 1851 gwamnatin Prusiya, wata daula ta Jamusawa, ta haramta makarantun bisa zargin yaɗa rashin addini da gurguzu. Fröbel ya rasu a 1852, ba a ɗage haramcin ba sai 1860. Kafin nan almajiransa, galibi mata, sun kai tsarin ƙetare. Margarethe Schurz ta buɗe aji a Watertown ta jihar Wisconsin da ke Amurka a 1856, Susan Blow kuma ta shigar da shi makarantun gwamnati na St. Louis a 1873.

A manyan birane, inda fili ya yi tsada, kayan wasan sun fi lambun sauƙin samu, tunda a wancan zamanin kamfanoni irin su Milton Bradley suna ƙera su suna sayarwa. Fegin yaro ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma gwangwani a bakin taga, ko ƙwayar wake a kan jiƙaƙƙiyar auduga, wadda yara ke aunawa suna zanawa kowace safiya a ajujuwan Turai da Amurka.