Kimiyyar kwantam: Matsalar bakin iyaka

Kimiyyar kwantam ita ce fannin da ke nazarin halittu mafiya ƙanƙanta, kamar ƙwayar zarra da elektron ɗin da ke cikinta. Werner Heisenberg da Erwin Schrodinger ne suka aza harsashinta a shekarun 1925 da 1926.

To sai dai akwai wani giɓi a lissafin. Ƙa'idar Schrodinger tana bayyana yadda elektron ke tafiya a tsakiyar fili, amma ba ta faɗi abin da zai same shi ba idan ya isa bango.

Sharaɗin iyaka

Manomin fadama a Haɗeja ba baƙo ba ne ga irin wannan matsala. Dokar kwararar ruwa ɗaya ce a ko'ina, amma yawan ruwan da zai malala a fadamun Haɗeja ya danganta da abin da aka sako daga madatsun Tiga da Challawa. Bayanin abin da ke faruwa a bakin fili shi masana ke kira sharaɗin iyaka.

A kimiyyar kwantam, duk abin da ake iya aunawa, kamar makamashi, ana wakiltarsa da wani umarnin lissafi da ake kira ofareta. Ofareta mai daidaito yana tabbatar da cewa matsakaicin awo zai fito a lambar da ma'auni zai iya nunawa.

Amma wannan bai isa ba. Ana buƙatar cikakken daidaito, domin jimlar yiwuwar samun elektron ta tsaya a kashi 100 cikin 100 a kowane lokaci, kada wani kaso ya yoye ta bango. Ana cimma haka ne ta faɗaɗa ofaretan, wato a zaɓa masa sharaɗin iyakar da ya dace.

Lambobi biyu

Hermann Weyl ya yi nazarin matsalar a birnin Gottingen na Jamus a 1910. Daga bisani John von Neumann, haifaffen Budapest, ya warware ta a 1929. Ya nuna cewa kowane ofareta mai daidaito yana da lambobi biyu da ke auna giɓinsa.

Idan duka biyun sifili ne, hanya ɗaya ce tak. Idan sun yi daidai amma sun wuce sifili, hanyoyin ba su ƙidayuwa. Idan kuwa sun bambanta, babu hanyar faɗaɗawa sam.

Misali shi ne ƙarfin tafiya, wato nauyin abu a ninka da saurinsa. A layin da ba shi da farko ko ƙarshe, lambobin 0 da 0 ne. A layin da ke da baki biyu, 1 da 1 ne, kuma dole abin da ya fita ta wannan baki ya dawo ta ɗayan, tamkar a kan zobe. A layin da ke da farko amma ba ƙarshe, 1 da 0 ne, don haka babu mafita.

Muhimmancinsa

Zaɓin yana da tasiri a zahiri, domin sauya sharaɗin iyaka kan sauya matakan makamashin da za a auna, kamar yadda toshe bakin sarewa ke sauya amonta. Lissafi yana jera hanyoyin da suka halatta ne kawai. Gwaji ke nuna wadda ta dace.

A 1951 Tosio Kato, masanin lissafi ɗan ƙasar Japan, ya tabbatar da cewa a ƙa'idar Schrodinger ta ƙwayoyin zarra hanya ɗaya ce kawai. Ma'ana, matakan makamashinsu ba su rataya ga zaɓin mai lissafi ba.