Tarut, itaciyar Tasili: ƙidaya biyu da darasinsu

A kan tudun duwatsu na Tasili n'Ajjer, kusa da garin Janet a kudu maso gabashin Aljeriya, akwai wata itaciya da Abzinawa ke kira tarut. Ba ta tsirowa da kanta a ko'ina cikin duniya sai a can. Saura ce daga zamanin da Sahara take da ruwa da ciyawa, wasu daga cikin itatuwan sun haura shekara 2000, alhali ruwan saman da wurin ke samu yanzu bai wuce kimanin milimita 30 a shekara ba.

Turawa sun fara jin labarinta ta bakin matafiyi Henri Duveyrier a 1864. A 1924 wani hafsan Faransa, kyaftin Duprez, ya gan ta, sannan a 1926 masaniya Aimée Camus ta ba ta sunan kimiyya Cupressus dupreziana. A da can, gatari ne babban abokin gabarta: da katakonta aka yi ƙyamare da azara a Janet da Gat, makiyaya suna sare rassanta don wuta, awaki kuma suna cinye ƴan tsiron da suka fito.

A 1972 Aljeriya ta kafa gandun ƙasa na Tasili, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1982. A farkon shekarun 1970 malamin daji Saïd Grim ya bi kwari-kwari, ya ƙidaya itatuwa 230 masu rai. Tsakanin 1997 da 2001 Fatiha Abdoun da Mohamed Beddiaf suka sake ƙidaya, suka sami 233. Mai kallon lissafi kaɗai zai ce an tsira. Amma wasu itatuwan da Grim ya rubuta sun riga sun mutu. Waɗanda aka gano daga baya ne suka cike gurbinsu. Barazanar ma ta sauya kama. Sarar katako ta ragu, sai ga ayarin masu yawon buɗe ido da ƴan ci-rani masu ƙetare tudun zuwa Libiya, kowa na buƙatar itacen dafa shayi da jin ɗumi cikin sanyin dare. Dokar da aka tsara don masassaƙi ba ta yi tanadin waɗannan ba.

Shi ya sa aka koma shuka irinta a lambunan adana tsirrai, har a Kambera ta Ostireliya. Sai dai itaciyar lambu ba ta maye gurbin ta tudu.

Wannan tarihi ya shafi Nijar. A duwatsun Abzin, irin su Bagzan, akwai zaitun daji na Laperrine, wanda shi ma ba kasafai yake haihuwa ba. An kafa gandun Abzin da Tenere a 1988, tun 1992 kuma yake cikin jerin wuraren gado da ke cikin haɗari. Tarut ta nuna cewa tsarin kariya yana tsufa, dole a riƙa komawa daji ana sake ƙidaya, ana tambayar wa ke hura wuta a gindin itaciyar yau.