"Tahoultine": Waƙar da Ta Yi Farin Jini Kafin Ta Ga Kasuwa

Duk malamin da ya riƙe alli a arewacin Nijar a wajajen 2009 zai tuna yadda salula ta shigo aji ba sallama. Idan ka karɓe ta daga hannun ɗalibi, abin da ke cikinta bai wuce hotuna da waƙoƙi ba. A cikin waɗannan waƙoƙi akwai wata ta Tamajak mai murya siririya, wadda na'ura ta lanƙwasa har ta yi kama da kukan sarewa. Ni kaina na saurare ta sau da dama ban san mai ita ba. Sunanta "Tahoultine", mai ita kuwa Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani a yau da Mdou Moctar.

Mdou ɗan yankin Tawa ne, ya tashi tsakanin Cintabaraden da Abalak kafin ya zauna Agadas. Gidansu ba a son kiɗa, don haka jitarsa ta farko shi ya ƙera ta da katako da wayoyin birkin keke. Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin magabatan kiɗan jita na Abzinawa, shi ne wanda ya gani ya yi sha'awa. Har nan labarinsa bai bambanta da na samari da yawa na Abzin ba.

Inda ya bambanta shi ne 2008, shekarar da ya ɗauki kundinsa na farko, "Anar", a Sakkwato. Ɗakunan ɗaukar waƙa na arewacin Najeriya a lokacin sun fi sanin salon finafinan Hausa: gangar da fiyano ke bugawa da kanta, karin da aka aro daga finafinan Indiya, da manhajar Auto-Tune mai gyara murya, wadda mawaƙiyar Amurka Cher ta fito da ita fili a 1998. Wannan riga aka sa wa waƙoƙin soyayya na Mdou. Kalmomin na Tamajak ne, jitar ta hamada ce, amma ɗinkin na Hausa ne. A ganina wannan haɗi shi ne sirrin waƙar, domin kunnen matasan Agadas ya riga ya saba da finafinan Kano tun zamanin kaset, sai ga harshen gida ya zo musu cikin muryar da suke ƙauna.

Kundin bai fito kasuwa ba. Babu kamfani, babu kwali, babu ranar fitowa. Ya bi ta Bluetooth da ƙananan katunan waya, daga hannun direba zuwa na ɗan kasuwa, daga tasha zuwa tasha, har ya tsallaka Mali. Idan akwai wanda ya ci riba, to masu tura waƙoƙi ne a bakin kasuwa. Mawaƙin Agadas dai abincinsa yana wurin biki, kuma sunan da salula ta yaɗa shi ke kawo gayyata. Sai dai yawancin masu sauraron ba su ma san sunan ba.

A Kidal ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya kwafi waƙar daga wayoyin mutane. A 2011 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya buga ta a faifan "Music from Saharan Cellphones", kuma sai da ya yi cigiya kafin ya gano mai waƙar. Abin lura a nan shi ne, Turawa ba su gano wani ɓoyayyen mawaƙi ba. Sun tarar da waƙar da talakawan Sahara suka riga suka zaɓa, suka sa mata farashi kawai.

Haɗuwar mutanen biyu ta haifi fim ɗin "Akounak Tedalat Taha Tazoughai" a 2015, wanda aka ɗauka a Agadas cikin Tamajak. An gina shi kan "Purple Rain" na Prince, wanda ya fito a 1984, faifansa kuma ya yi makonni 24 a saman jadawalin Billboard. Prince ya fito ne daga gidan kiɗan soul da funk na baƙaƙen Amurka, ya kai shi kasuwar kowa da kowa. Mdou ya hau babur mai launin shunayya a lungunan birnin, ya taka rawar saurayin da ke fama da uba mai tsanani da kishin abokan sana'a. Sunan fim ɗin ma abin nazari ne ga malamin harshe: ma'anarsa ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, don an rasa kalma guda da za ta ɗauki launin.

Daga nan hanya ta buɗe. "Ilana" ya fito a 2019, "Afrique Victime" a 2021 a kamfanin Matador na New York, sai "Funeral for Justice" a 2024. Kafin shi Bombino, ɗan Agadas, ya hau saman jadawalin Billboard na kiɗan duniya da "Nomad" a 2013, kuma "Deran" na 2018 ya sa shi cikin ƴan takarar Grammy.

Amma wanda ya saurari "Funeral for Justice" ba zai ji ƙamshin Sakkwato ba. Jita ce mai ƙara da ganga ta gaske, irin abin da masu sayen tikiti a Turai da Amurka ke nema, kuma ƴan jaridarsu sun fi son kwatanta shi da Jimi Hendrix. Ban ce kiɗan ya lalace ba, yana da ƙarfi ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba da tarihin kamar ya tashi daga hamada ya faɗa Amurka kai tsaye, a tsallake matakin Hausa, alhali shi ne ya fara kai muryarsa nesa da gida. Mu da ke koyar da Hausa a garin da Hausa da Tamajak ke cin kasuwa ɗaya, bai kamata a ce mu ma mun tsallake shi ba.

Shi kuwa "Anar", sai a 2014 Sahel Sounds ya buga shi, shekara shida bayan ɗaukarsa, a kan faifan garmaho, wanda da wuya ka sami abin juya shi a gidajen Agadas.