Yadda gishiri ke hawowa saman ƙasar garka

Ƙasa ba dunƙulalliya ba ce. Tsakanin ƙwayoyinta akwai ƴan ƙananan kafofi, wasu cike da ruwa, wasu da iska. Ta cikinsu ruwa ke hawowa sama, kamar yadda lagwani ke jawo kananzir a fitila.

Ƙanƙantar kafa ita ce ƙarfinta. Kafa mai faɗin milimita 1 tana ɗaga ruwa wajen santimita 3. Wadda ta fi ta ƙanƙanta sau 10 tana ɗaga shi santimita 30. Saboda haka ruwa ba ya hawa da nisa cikin rairayi, amma cikin ƙasa mai laka yakan zarce mita 1.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da narkakken gishiri, kuma abin da zai iya ɗauka yana da iyaka. Lita 1 ba ta narkar da fiye da wajen giram 360 na gishirin miya. Idan rana da iska suka busar da saman ƙasa, ruwa ya tashi, gishiri ya tsaya. Kafofi su jawo wani ruwan, shi ma ya bushe. Da an wuce iyaka sai gishiri ya daskare. Farar ƙasa ce ke fara daskarewa, gishirin miya daga baya. A cikin kafofi mafi ƙanƙanta ruwa yana riƙe tam, gishiri kuma ba ya saurin daskarewa. Don haka aka fi ganin farin ɓawo a sama.

Ta wannan hanya ake samun kanwa a Dallol Boso da kwaruruwan Manga, da gishiri a Dallol Foga. A can arziki ne. A garka kuwa asara ce: saiwa takan kasa shan ruwa ko da ƙasa tana jiƙe. Albasa ba ta jure gishiri kamar dabino.

Abin da ya kamata ku yi:

1. Ku rufe ƙasa da kara ko ciyawa don rage bushewa.
2. Ku farfasa saman ƙasa da hauya, domin hanyar hawan ruwa ta katse.
3. Lokaci-lokaci ku yi ban ruwa mai yawa, ya wanke gishiri zuwa ƙasa da saiwa.
4. Inda ruwa yake kusa, ku gina magudana, in ba haka ba gishirin zai sake hawowa.